Kiran Suna

Litinin ce, Bajoga ta kwana da ruwa.
Na tarar kwaɗo ya riga ni shiga aji huɗu,
gara ta ci hutunta a ƙafar teburina,
allo ya koɗe kamar mai jinya.
Motocin siminti na gangarowa daga Ashaka,
tagar da ba gilashi tana kama rawa.

Na buɗe rajista, tana ƙanshin kanti.
Sittin da uku. Benci goma sha ɗaya.

Bappayo Manu. Na'am.
Rifkatu Iliya. Na'am, Malama.
Dija Sambo.
Sai da na kira sau biyu,
muryar ta taso kamar daga ƙasan rijiya.

Shekara goma sha tara ina kiran suna.
Na san na'am ɗin da ya sha kunu,
na san wanda ya fito da ruwan randa kawai,
na san na zazzaɓin da bai gama sakin gaɓa ba.
Kalmar ba ta cika baki ba,
amma jaki ba zai ɗauki kayanta ba.

Takardar ofis ta ce: makon farko, bita,
tarawa da ɗebewa, shafi na bakwai.
Na dube ta, na dube su,
na kife ta ƙarƙashin kwalin alli.

In na ce wa bai karya ba, hannu ba zai tashi ba.
Yunwar garinmu tana da kunya,
sai ta wanke fuska, ta shafa mai, kafin ta fito.
Don haka na ce: ku ba ni labarin hutu.

Shiru. Ƙuda ya zaga ajin sau biyu.

Sai Jungudo, wanda bara ban san muryarsa ba,
ya ce saniyarsu ta haihu da tsakar dare,
ana tsuga ruwa, shi ya riƙe fitila.
Rifkatu ta ce Gongola ya shiga masararsu,
kunya uku ya bar musu, ya tafi da saura.
Wani ya koyi facin taya. Wata ta yi ƙane,
ta ce kansa kamar gauta,
ajin ya fashe da dariya har na ƙofa.
Dija ta ja ɗankwali ya sauko har gira,
ta ce kakar da ke mata kitso
ta rasu ranar da aka fara cin ɗanyar gyaɗa.

Na ɗauki alli na jera:
saniya, fitila, kogi, taya, kitso.
Na ce ga darasin yau, ku kuka kawo shi,
kowa ya ɗauki kalmar wani ya gina mata ɗaki.

Can baya na hango Barde yana matse ido,
yana leƙen littafin maƙwabci, ba allo ba.
Shekara uku ana ce masa daƙiƙi.
Na ce taso, zauna nan gabana.
Ya zauna, ya ɗaga kai, leɓensa ya motsa:
fi-ti-la.
Ya waigo kamar wanda ya tsinci kuɗi
yana tsoron a ce na wani ne.

Da aka buga ƙarfen tara
na yafito Goggo Ladidi mai ƙosai,
na ce rubuta a kaina, wata zai ƙare.
Na kira Dija da wasu huɗu da na ji na'am ɗinsu,
na ce haƙorina na ciwo,
ku ɗanɗana min ko gishiri ya ji.
Suka daɗe suna ɗanɗanawa.

Rajista gida biyu gare ta: ya zo, bai zo ba.
Ba gidan wanda ya zo ya bar rabinsa a hanya.
A bangon baya na rubuta da fensir:
Barde, asibitin ido, a ga babansa ran kasuwa.
Jungudo, a tambaye shi sunan maraƙin.

Shafi na bakwai ba ya gudu, gobe ma rana ce.
Zan zo da tsintsiya saboda gara,
da tsinken kitso a cikin jaka.